Eyam, ƙauyen da ya kulle kansa: tambayoyi da amsoshi

Mafi yawan waɗanda suka san sunan Eyam ta bakin labarin annoba suka san shi: wani ƙauye a Ingila da mutanensa suka yarda su zauna da cuta a 1666 don kada su kai wa maƙwabta. Sai dai wata 14 kacal annobar ta yi, a ƙauyen da ya haura shekara 1000 da kafuwa, kuma shi kansa labarin ba ya tafiya sumul yadda aka saba ba da shi.

Ina Eyam yake, kuma yaya ake furta sunan?

"Iim" ake cewa, gaɓa ɗaya da jan wasali. Wanda ya bi rubutun ya ce "Eyam" ya tona wa kansa asiri cewa baƙo ne. Yana cikin gundumar Derbyshire, a yankin tuddai na Peak District, wanda shi ne gandun ƙasa na farko da Birtaniya ta keɓe, a 1951. Babban birnin da ya fi kusa shi ne Sheffield, kimanin kilomita 20. Ƙidayar 2011 ta samu mazaunansa ba su cika 1000 ba.

Ƙauye a Ingila daidai yake da abin da muke kira ƙauye?

A girma, i. A sauran abubuwa, da sauran magana. Ba dagaci, ba mai unguwa. Ƙaramar majalisa ce ta zaɓaɓɓu ke kula da abubuwa irin su filin wasa da hanyoyin ƙafa, manyan lamurra kuma suna hannun hukumomin gunduma. Akwai wuta, akwai ruwan famfo, akwai makarantar firamare. Kuma "ɗan ƙauye" ba zagi ba ne a can kamar yadda yake zama a bakin 'yan birninmu. Sau da yawa mai hali ne ke iya sayen gida a irin wannan wuri, ya riƙa zuwa aiki birni da safe yana dawowa da yamma.

Abin da zai fara ɗaukar idon baƙo shi ne dutse. Gida dutse, coci dutse, shingen gona ma dutse. Eyam yana zaune ne daidai inda duwatsu iri biyu suka haɗu: ta kudu dutsen farar ƙasa, ta arewa wani dutse mai kaushi irin wanda ake sassaƙa dutsen niƙa da shi. Katangun da suka raba makiyayar tumaki ba laka ba siminti aka gina su, jera duwatsun kawai aka yi, nauyinsu ke riƙe da juna. Ƙauyen kuma ba a dunƙule yake ba. Dogo ne, ya miƙe a gefen hanya ɗaya a gindin tudu, coci a tsakiya.

Da yawa daga cikin tsofaffin gidajen doka ta kare su. Mai gida ba ya canza taga ko ya rushe bango sai ya nemi izini, ko da da kuɗinsa ya saya.

Tun yaushe ake zaune a wurin?

Sunansa ya fito a littafin Domesday na 1086, wato rajistar filaye da dukiya da Sarki William ya sa aka yi bayan ya ci Ingila da yaƙi. A ciki an rubuta shi Aiune. Amma ya girmi rajistar. A harabar cocin St Lawrence akwai gicciyen dutse na zamanin Anglo-Saxon, wato mutanen da suka mulki Ingila kafin zuwan William, wanda aka fi dangantawa da ƙarni na 8, an sassaƙa masa mala'iku da zanen reshen inabi. Wani yanki na jikinsa ya ɓata, shi ya sa kansa ke zaune a kan gangar kamar hular da ba ta mai ita ba. Kafin wannan ma Rumawa sun haƙi dalma a yankin.

Wani abin da mutanen ƙauyen ke tinƙaho da shi: a 1588 aka jera komayen dutse a sassan gari, aka janyo musu ruwa daga maɓuɓɓuga, ana ɗiba ana shayar da dabbobi. Ana lissafa shi cikin tsofaffin tsare-tsaren ruwan jama'a a Ingila. Wasu komayen suna nan har yau.

Da wace sana'a suka dogara?

Dalma, sai kiwo. Ƙasar tudu ce mai sanyi, ba ta hatsi sosai ba, don haka magidanci yakan haɗa 'yan tumaki da shanu da ramin haƙa.

A zamanin da ake wannan sana'a, haƙar dalma a Derbyshire tana da dokokinta na gargajiya da kotunta, wadda ake kira Barmote. Kowa na da ikon neman dalma a kowane fili, ko na wane ne, ban da harabar coci da lambuna da manyan hanyoyi. In ka samu jijiya, wato layin dalma a cikin dutse, jami'in kotun ya auna maka rabonka. Da akushi na musamman ake awon abin da aka haƙo, masu ƙasa su ɗauki kasonsu, coci ma ta karɓi ushirinta. Wanda ya bar raminsa ba aiki kuwa ana iya ƙwacewa a ba wani. A farkon ƙarni na 18 aka ci karo da manyan jijiyoyi a tudun da ke bayan gari, kuɗi suka shigo, har limancin cocin Eyam ya zama kujerar da ake kwaɗayi saboda ushirin.

Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 dalmar ƙasashen waje mai araha ta kashe kasuwar. Sai abin da a da ake zubarwa a bola ya zama abin nema: wani ma'adini mai suna fulospa, da masana'antun ƙarfe ke amfani da shi wajen narka. Mahaƙar Ladywash ta ci gaba da fitar da shi har 1979, kuma dogon bututun hayaƙinta yana tsaye a kan tudu. An kuma yi saƙar auduga da siliki a ƙauyen, daga baya aka yi ƙananan masana'antun takalma.

To yaya annobar ta shigo?

A 1665 annoba tana cin Landan, inda aka ƙiyasta ta kashe mutum wajen 100,000. A ƙarshen bazarar shekarar aka aiko wa telan Eyam, Alexander Hadfield, ƙunshin yadi daga can. Yaronsa na shago, George Viccars, shi ya kwance. Labarin da aka gada ya ce ya tarar yadin da danshi, sai ya shanya shi kusa da murhu, ɗumi ya tayar da ƙuman da ke ciki. An binne Viccars ranar 7 ga Satumba 1665. Cikin 'yan makonni mutuwa ta shiga gidajen da ke jikin nasu.

Cutar ita ce wadda ƙwayar Yersinia pestis ke kawowa, amma sai a 1894 aka gano ƙwayar, a Hong Kong. Mutanen 1665 abin da suka sani shi ne zazzaɓi mai zafi, kaluluwa a hammata da matsematsi da wuya, tabo baƙi a fata, sai mutuwa cikin 'yan kwanaki. Sun fi zargin gurɓatacciyar iska da fushin Ubangiji. Da hunturu ya shigo abin ya lafa, har aka fara sa rai. Da zafi ya dawo a 1666 sai ta taso da ƙarfin da ya fi na farko.

Wa ya yanke shawarar rufe gari?

Mutum biyu ne, kuma nan ne labarin ya fi daɗin ji, domin ba 'yan ga-maciji ba ne da juna a aƙida. William Mompesson shi ne limamin cocin, matashi da bai kai shekara 30 ba, baƙo da aka turo a 1664. Thomas Stanley kuwa tsohon limamin ne, mai ra'ayin Furitan, wato Kiristoci masu tsauri da ke son a gyara cocin Ingila, wanda ya rasa kujerarsa a rikicin addini da ya biyo bayan dawowar sarauta a 1660. Stanley bai bar yankin ba, kuma da yawan jama'a zuciyarsu na wurinsa. Mompesson yana da muƙami, Stanley yana da mutane. Da ɗaya ya tsaya shi kaɗai, da wuya a saurare shi.

Wajen watan Yuni 1666 suka shawo kan jama'a a kan abu uku. Kowane gida ya binne mamacinsa da kansa, kusa da gida, ba a harabar coci ba. A rufe coci, a koma yin ibada a fili, a wani kwari mai suna Cucklett Delf, iyalai na tsaye nesa da juna, liman na wa'azi daga bakin wani dutse mai kama da ƙofa. Na uku shi ne mai nauyin: ba shiga, ba fita.

A lura, ba kowa kullen ya rutsa da shi ba. Wasu masu hali sun riga sun tattara sun fice. Shi kansa Mompesson ya tura 'ya'yansa biyu wani gari. Ya so matarsa Catherine ta bi su, ta ƙi. Ta rasu a watan Agusta 1666, kabarinta na harabar cocin.

Da aka rufe, me suke ci?

Daga waje ake kawo musu. Basaraken yankin, Earl na Devonshire da ke gidan Chatsworth, ya ɗauki nauyin aiko da abinci da magani, ƙauyukan kewaye ma suna kawo kaya. Ba sai an ce alheri ne tsantsa ba: ciyar da Eyam a inda yake ya fi wa kowa sauƙi a kan a ga mutanensa a bakin kasuwa.

Ana ajiye kayan a kan iyaka, mai kawowa ya juya, sannan mai ɗauka ya matso. Wuri biyu aka fi sani. Ɗaya rijiya ce a saman gari da yanzu ake kira da sunan Mompesson. Ɗayan dutsen iyaka ne a kan hanyar ƙafa da ta nufi ƙauyen Stoney Middleton. Ba wani babban dutse ba ne, mutum zai iya wuce shi bai kula ba. A samansa an huda ramuka shida, kowanne kamar a zura yatsa. Cikinsu ake zuba ruwan khal, a jefa kuɗin kaya, da imanin tsamin zai kashe cutar. A ganina abin da ya fi kare mai sayarwa ba khal ɗin ba ne, rashin haɗuwar ne. Masu ziyara har yau suna sa 'yan kwabbai a ramukan, sai dai ruwan sama ne ke cika su yanzu.

Mutum nawa suka mutu?

Adadin da aka fi ambata 260 ne, daga gidaje 76. Lissafin da ke cikin coci ya kai 273. Inda aka fi saɓani shi ne yawan mazauna kafin annobar: tsohon ƙiyasi ya ce wajen 350, masu bincike na baya sun ce ya kusa 800. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin shi ke nuna ko kashi uku cikin huɗu ne suka tafi ko kashi ɗaya cikin uku. Ko da na biyun aka ɗauka, rabon ya fi na Landan muni.

Agusta 1666 ne watan da ya fi tsanani, mutum fiye da 70. Na ƙarshe ya rasu ranar 1 ga Nuwamba. A wata wasiƙa da ya rubuta a watan, Mompesson ya kwatanta garin da Golgota, wato wurin ƙoƙon kai.

Mene ne kaburburan Riley da ake yawan nunawa a hoto?

Kaburburan iyalin Hancock ne, a wata gona a gabashin gari. Tsakanin 3 da 10 ga Agusta 1666, Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida. Kwana takwas. Tunda an hana taron jana'iza, ita ke haƙa ramin, ita ke jan gawar. An ce mutanen Stoney Middleton suna hango ta daga tudun da ke tsallake, ba mai iya matsowa.

Wanda ya tashi inda ba a barin mai rashi shi kaɗai ko na yini ɗaya, inda maƙwabta ke wanka da sutura da ɗaukar makara, mata su cika gida ana ba da haƙuri, shi zai fi gane abin da aka cire wa matar nan ban da 'ya'yan. Yau wurin wata 'yar katanga ce zagayayya a tsakiyar makiyaya, duwatsun kaburbura shida a tsaye da na uban a kwance, dabbobi na kiwo a bayan katangar. Ita cutar ba ta kama ta ba.

Akwai kuma Marshall Howe, mahaƙin dalma da ya kamu ya warke, ya ɗauka ba za ta sake kama shi ba, sai ya shiga binne waɗanda ba su da mai binne su, yana biyan kansa da kayan mamatan. Shi ya tsira, amma matarsa da ɗansa sun mutu a wannan Agustan.

Kullen ya yi amfani kuwa, ko banza aka sha wuya?

Ga na waje, alamu sun nuna ya yi: garuruwan kusa irin su Bakewell da Sheffield ba su ga abin da Eyam ya gani ba. Ga na ciki kuwa, akwai masana da ke cewa ya ƙara yawan mutuwa, tunda an tsare masu lafiya a gida ɗaya da marasa lafiya da ƙuma. Maganganun biyu na iya zama gaskiya tare.

Sannan a tambayi talakan Eyam na 1666: in ya fita, ina za shi? Garuruwa suna korar duk wanda aka ji daga garin annoba ya fito. Tumakinsa suna nan, raminsa na dalma yana nan. Wannan bai rage darajar abin da suka yi ba, a nawa ra'ayin, domin wanda ya ga maƙwabcinsa ya mutu jiya ba ya tsayawa lissafi, gudu yake yi, kuma galibinsu ba su gudu ba. Amma masu mayar da su waliyyai gaba ɗaya sun manta cewa wanda ba shi da wurin zuwa haƙurinsa da sauƙin samu.

Wannan bai yi kama da hadisin annoba ba?

Ya yi, kuma Musulmi da yawa shi ke fara faɗo musu. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya hana shiga garin da aka ji annoba ta ɓarke, ya kuma hana fita daga cikinsa don gudunta. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham a lokacin annobar Amwas, wadda ta ci Abu Ubaida. Mompesson da Stanley malaman Kirista ne, da harshen addininsu suka yi wa jama'arsu magana, shekara fiye da 1000 bayan haka. Hukuncin da suka kai gare shi dai ɗaya ne.

Duk labaran da ake bayarwa tabbatattu ne?

A rarrabe. Sunayen mamata da ranakun binne su suna cikin rajistar coci, wasiƙun Mompesson ma sun tsira. Waɗannan ƙashin bayan tarihin ne. Naman da aka lulluɓa masa kuwa da yawansa daga William Wood ya fito, ɗan ƙauyen da ya tattara abin da tsofaffi ke faɗa ya buga a 1842, shekara fiye da 170 bayan abin ya faru.

Misali, labarin Emmott Sydall da saurayinta Rowland Torre na Stoney Middleton, waɗanda aka ce suna haɗuwa a kwarin Cucklett, kowa a nasa gefen, suna kallon juna daga nesa, har ranar da ba ta zo ba. Mutuwarta a Afrilu 1666 tana rubuce. Kallon juna a kwari kuwa zancen baka ne.

Bayan annobar fa?

Aka ƙona tufafi da shimfiɗu, rayuwa ta ci gaba da sauri fiye da yadda mutum zai zata. 'Yan shekaru kaɗan bayan haka iyalin Wright suka gina Eyam Hall, babban gidan da ke tsakiyar gari. Stanley ya rasu a 1670. Mompesson ya koma Eakring a gundumar Nottinghamshire, inda aka ce mutanen can sun yi ta ɗari-ɗari da shi da farko saboda tsoron cutar. Ya rayu har 1709. Marubuciyar waƙoƙi Anna Seward a Eyam aka haife ta a 1742, lokacin mahaifinta na limancin cocin.

A filin da ke gaban Eyam Hall akwai turu, wanda a da ake ɗaure ƙafar mai ƙaramin laifi a ciki jama'a na wucewa suna kallo. Yanzu yara ke zura ƙafa a ɗauke su hoto.

Akwai bukukuwa?

Ƙarshen Agusta ne lokacinsu. Ranar Lahadin ƙarshe ta watan ake yin jerin gwano zuwa Cucklett Delf a yi addu'ar tunawa a fili, a kuma ɗora jajayen furanni a kabarin Catherine Mompesson. A makon ne ake ƙawata rijiyoyi, al'adar da Derbyshire ta yi suna da ita: a shafe katako da yumɓu mai laushi, a zana hoto, a cike shi da ganyen fure da 'ya'yan itace da gansakuka ɗaya bayan ɗaya, aikin kwanaki, a kafa a bakin rijiya. Mako guda yumɓun ya tsage, furen ya bushe, sai baɗi. Ana rufe makon da wasan gari da gashin tunkiya.

Cutar tana nan har yanzu? Ba haɗari a je?

Ba haɗari. A duniya dai ba ta ƙare ba, ana samunta a Madagaska da Kwango da Peru, kuma Madagaska ta yi fama da ɓarkewarta a 2017. Bambancin shi ne yau magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna warkar da ita in an fara da wuri.

Mai son zuwa, me zai yi tsammani?

Bas na zuwa daga Sheffield, tashar jirgin ƙasa mafi kusa kuma Grindleford ce, 'yan kilomitoci daga garin. Yini ɗaya ya isa. A zo da takalmin da ba a jin tausayinsa da rigar ruwa, domin dutsen iyaka da kaburburan Riley duk sai an taka cikin gona, ruwan sama kuwa ba ya sallama. A rufe kowace ƙofar shinge da aka buɗe, saboda tumaki.

Gidan tarihin ƙauyen, wanda aka buɗe a 1994, yana bayanin annobar da haƙar dalma, kuma alamar nuna iska da ke kan rufinsa siffar ɓera ce, tunda ƙuman jikin ɓera ne suka fi yaɗa cutar. A cikin coci akwai tagar gilashi mai launi da ke ba da labarin. Kusa da cocin ne jerin gidajen da cutar ta fara, kowanne da allo a gabansa ɗauke da sunayen waɗanda suka mutu a ciki da ranakun. A ɗaya daga cikinsu mutum tara ne 'yan gidan Thorpe, ba wanda ya rage.

Gidajen nan ba na kallo ba ne kawai, da mutane a ciki. Za ka tsaya kana karanta allon, mota na ajiye a ƙofa, wani na ban ruwan furanninsa a bayan katanga. A karanta daga bakin hanya, kada a leƙa taga.